Motar da Ta Kauce Dama

Ran Asabar da hantsi, Namadi ya faɗo ofishin 'yan sanda na Bagudo ko hula babu.

"Ranka shi daɗe, an sace motar kamfani!"

Sufeto Arzika ya san maganar, kowa ma ya sani. Garkuwar Fatake ƙaramin kamfanin inshora ne da Namadi da amininsa Ma'azu suka kafa a shekarar samun 'yancin kai. Ambaliyar bara ta kifar da jiragen fatake, masu neman diyya suka yi musu rubdugu, magana ta kai kotu a Sakkwato. Alƙali ya ce ran Litinin zai yanke: ko a rushe kamfanin, ko a miƙa wa Namadi ya farfaɗo da shi. Babbar motar nan kuwa ita kaɗai ce kadarar da ta rage, kuma kotu a hannun Namadi ta damƙa ta. In ta ɓata, kamfani ya mutu, shi kuma sai gidan yari.

"Wa ke da makulli?"

"Direba Ɗanliti. Guda kuma yana rataye a ofis."

Ɗanliti ya rantse yana masallacin Juma'a lokacin da aka ɗauke ta. Sufeto ya tambaye shi abin da liman ya yi huɗuba a kai. Gogan naka ya yi tsuru-tsuru.

"Gaskiya dara nike yi bayan kasuwa, yallaɓai."

Abokan darar suka shaide shi. Maƙaryaci ne dai, amma ba ɓarawo ba.

Ma'azu kuwa da shayi ya tarbi Sufeto, yana ta girgiza kai.

"Ni kam ban fita gari ba jiya. Namadi ɗan'uwana ne, amma tun da kotu ta ɗaga shi ya canza. Ka bincike shi da kyau."

Sufeto bai so wannan zaƙewar ba ko kaɗan.

Sawun taya ya kai shi Kende, inda ya iske wani manomi, Maliki, yana ɗaure wa jakinsa ƙafa, ransa a ɓace.

"Ni dai na bi ƙa'ida, yallaɓai. Da nig ga mota tana tahowa, na matsa hagu, in bar mata nata hagun. Sai la'anannen ya kauce dama, yat taho kaina!"

"Ka ga fuskarsa?"

"Ina! Ya naɗe da rawani."

Sufeto ya riƙe wannan a ransa. A wancan zamani, a Najeriya hagu ake bi. Tsallaken iyaka, ƙasar Dahomey, su dama suke bi.

Da ya komo ya ja Ɗanliti gefe. "Wa ya taɓa tuƙi a ƙasar Dahomey cikinku?"

"Ni a Sakkwato na koya. Namadi ko keke da ƙyar. Malam Ma'azu ne ya daɗe yana jan mota a Kandi, can Dahomey."

Washegari Sufeto ya naɗe hannunsa da bandeji kamar ya ji ciwo, ya roƙi Ma'azu ya tuƙa shi Kende a motar 'yan sanda. Namadi na zaune a baya. Ma'azu ya bi hagu tsaf, har da fito. Amma a wata kwana, wani kofur da Sufeto ya girke ya ɓullo a guje kan keke. Kafin ƙiftawar ido Ma'azu ya murɗa sitiyari dama.

"Tsaya nan," in ji Sufeto. "Haka ka yi wa jakin Maliki. Ina motar?"

Ma'azu ya kashe mota.

"Tana Dole Kaina, na rufe ta da kara bayan wani rumbu."

"Nawa aka saye ta?"

"Ban sayar ba. Ko anini ba na so."

Namadi ya dafa kujera. "Ma'azu, mi na yi maka?"

Ma'azu ya juyo, idanunsa jawur.

"Ni na kawo dabarar nan daga Kandi! Ni na bi fatake rumfa-rumfa. Amma duk gari, kamfanin Namadi, kamfanin Namadi. Alƙali ma ko sunana bai ambata ba. Wallahi gara ya mutu da in gan shi ya tashi a hannunka."

Namadi ya share hawaye da bakin riga.

"Ran Laraba na je na roƙi alƙali ya sa mu tare, ya kuma yarda. Gobe a kotu na so ka ji da kunnenka."

Ma'azu ya saki sitiyari. Sufeto ya kwance bandejinsa, ya sa masa ankwa, ya ce ya koma baya. Shi ya ja motar zuwa Bagudo.