Riga Mai Lamba Sha Huɗu

Sammacin bincike daga kotu, ankwa, wayar yarinya cikin leda, da kofin shayin da ya huce. Abin da Sufeto Darlene Kowalchuk ta ɗauko ke nan, tana tuƙi cikin dusar ƙanƙara zuwa filin hoki, wasan sanda a kan ƙanƙara, na garinsu a Manitoba ta Kanada.

Wayar ta Tessa Friesen ce, 'yar wasan hoki mai shekara sha ɗaya. Wani baƙo ya turo mata saƙo, ya san sunanta, makarantarta da lokacin atisayenta. "Sannu, mai lamba sha huɗu," in ji shi. Tessa ba ta amsa ba, ta kai wa uwarta wayar. Uwar ta ce ba sauran wasa sai an kama mutumin, ga wasan ƙarshe ranar Asabar.

Koci Gord, mai horar da su Tessa, na wasa kaifin takalman ƙanƙara lokacin da Darlene ta shigo.

"Darlene! Har yanzu kina bin mutane da gudu? A fili dai ba ki taɓa cimma kowa ba."

"Sufeto ake cewa, tsoho. Lambar rigar Tessa nawa?"

"Tara. Sha huɗu ai rigar aro ce, ta masu mantuwa."

"Yaushe ta sa ta?"

"Ranar ɗaukar hoto kaɗai. Ta bar tata a injin wanki. Hotunan ma ba su iso hannun iyaye ba tukuna."

Mai hoton, Wade Lindqvist, ya tarbe ta da fara'a a shagonsa. A shafinsa na intanet iyaye ke rubuta sunan yaro da makarantarsa kafin a ɗauke shi.

"Bayanan yara? Gogewa nake yi da zarar na buga hotuna, Sufeto."

"Na ƙungiyar Gord ka buga?"

"Ban... tukuna."

"To kai kaɗai ke da Tessa cikin sha huɗu. Duk garin nan tara suka sani."

Ta ajiye sammacin a kan tebur, ta juyo da kwamfutarsa. Shafin da baƙon ya turo wa Tessa saƙo ta cikinsa na nan a buɗe, da sunayen wasu yaran a jere.

Wade ya zube kan kujera. "Ni ne. Amma hira ce kawai."

"Iyaye sun ba ka sunaye don hoto. Doka ba ta ba ka 'ya'yansu ba. Miƙo hannu."

Ta sa shi a bayan mota, ta rufe ƙofa, ta kira uwar Tessa.

"Ki wanke mata riga mai lamba tara. 'Yarki ce ta kama shi. Ranar Asabar ina layin gaba."