Fentin da Bai Bushe Ba

"Chizuru! Mene ne wannan a hannun rigarki?"

Chizuru ta duba. Shuɗi ne ya ɓata mata hannun riga har ya kama jaka.

"Umma... tawada ce."

"Ni za ki gaya wa tawada? Miƙo jakar nan!"

Uwarta Tokiko ta zazzage jakar a tsakar ɗaki. Buroshi biyu da aka rage wa tsawo, 'yar kwalbar ruwa, 'yan robobin fenti na matsawa, tsumma, takardu masu kauri, sai gwangwanin alewa yana ɗigar launi.

Shi fentin ruwa, in an matse shi cikin 'yan ramukan gwangwani, a buɗe ake barinsa ya sha iska har ya bushe. To a gidan nan ina Chizuru za ta shanya fenti? Tsoro ya sa ta rufe shi da ɗanyensa, ja ya shiga kore, kore ya shiga shuɗi, duk suka koma taɓo.

Tun rasuwar mahaifinta fenti bai sake kwana a gidan ba. Yana zane ne a kan dutsen bakin teku, ya ja da baya don ya hango aikinsa daga nesa, yadda masu zane ke yi ba tare da sun sani ba. Bayan nasa kuwa babu ƙasa. Zanen kaɗai aka tarar a tsaye. Har yau da asuba Chizuru kan ji kamar ana kaɗa buroshi cikin kofi, ta kuma san uwarta ma tana ji, sai dai babu mai faɗi.

"Wancan mai dogon gashin ne ya saka ki a wannan ko? Noboru?"

"Aurena yake son yi, Umma..."

"Mai zane! Duk mazan garin nan! Ina zai kai ki da wannan tarkacen?"

Chizuru ta sunkuyar da kai. "Bakin teku."

"Teku ta karɓi nawa mijin, ko takalmi ba ta mayar min ba. Ban yafe mata ba. Yanzu kuma in ƙara mata da ke?"

"In kin ce in bar shi, na bar shi," ta ce, hawaye na zuba. "Amma ina sonsa, Umma. Ina sonsa!"

Sai ga sallama a bakin ƙofa. Noboru ne, jiran ya ishe shi a waje. Ya rusuna har gashi ya rufe masa fuska.

Tokiko ta ƙare masa kallo sama da ƙasa.

"Kai, ba ka da almakashi a gidanku?"

"Akwai, Umma."

"Ban zama Ummarka ba tukuna. In ka gama zane, me kake fara yi?"

Bawan Allah bai san zancen rasuwar ba, Chizuru ba ta taɓa iya gaya masa ba. Ya yi murmushi.

"Nakan ɗan ja da baya in duba. Kamar haka..."

Ya ɗaga ƙafa, dokin ƙofa na bayansa.

"Noboru!"

Chizuru ba ta san lokacin da ta cafko gaban rigarsa ba. Ta riƙe shi gam da hannu biyu, ta kasa saki.

Tokiko ta daɗe tana kallon hannayen 'yarta.

Can ta ɗauki gwangwanin ta wanke taɓon tas, ta goge. Ta ce a miƙo mata fentin. Ta matsa kowane launi a raminsa, ta baje shi da tsinken sakace, hannun ko gargada babu, kamar jiya ta bar yi wa mijinta. Ta ajiye shi a buɗe a bakin taga.

"Ba mai taɓa shi sai ya bushe. Kafin nan kai ka turo manyanka, ka kuma yi aski."

"Umma..." Chizuru ta durƙusa ta rungume ƙafafunta.

Tokiko ta dafa kanta.

"Duk inda zai kafa takardarsa, 'yar nan, ki ajiye taki ki tsaya a bayansa. Ubanki babu kowa a nasa bayan."