Gurasar Burul

A ajin digiri na biyu kan zaman lafiya da sasanta rikici, can Bishkek, babban birnin ƙasar Kirgiz, Mohira ta fara ganin Tilek. Malami ya sa a gwada zaman sulhu, aka zaunar da su suna fuskantar juna, ita 'yar Uzbek, shi ɗan Kirgiz, dukansu 'yan garin Osh. Shi ya manta abin da zai faɗa, ita ta manta fushin da aka ce ta yi.

Daga nan saƙo ya ƙi ƙarewa. “'Yar tanderuna, kin ci abinci?” Sai ta mayar masa: “Na ƙoshi da surutunka, malam sulhu.”

Amma Osh ba aji ba ne. A rikicin da aka yi tsakanin Uzbek da Kirgiz suna yara, an ƙone tanderun gurasar babanta Hoshim, a layin nan kuma aka tsinci gawar Ermek, yayan Tilek. Tun ranar Burul, mahaifiyar su Tilek, ba ta sake taka unguwar ba.

Al'adar su Mohira, in za a nemi aure, dangin saurayi ke kawo gurasa a ƙunshe. In uba ya karya, ya ba da 'yarsa ke nan. Tilek, da boko ya yi masa yawa, sai ya tura malaminsu. Malam ya yi ta zuba kan ɓangarori biyu da gina amana, Hoshim yana ƙara masa shayi. Da ya gama, aka miƙa masa gurasarsa ko gutsire babu.

“Jami'a ce za ta aure ta?” in ji Hoshim. “Yaron ba shi da uwa?”

Mohira ta ji komai daga bayan labule. Ta san uwar ba za ta zo ba. Karatu ya tsaya cak, gwaggonni suka fara kawo zancen wani ɗan uwa da ke aiki a Mosko. Kuka ma ya daina zuwa mata.

Tilek ya rubuto: “Masoyiyata, na roƙi mahaifiyata, ta juya wa bango fuska. Na ajiye karatun, zan tafi Rasha leburanci. Ba zan iya ganin bikinki ba.”

Ta amsa: “Mun koyi sasanta ƙasashe, mun kasa mutum biyu. Allah ya kiyaye hanya.”

Washegari da hantsi aka buga ƙofa. Wata tsohuwa ce, ta rungume gurasar da ta gasa da hannunta, gefe ɗaya ya ƙone. Ta ƙi zama, ta ƙi shayi.

“Ba sulhu ya kawo ni ba,” in ji Burul. “Layin nan ya ci mini ɗa ɗaya. Ba zai ci na biyu ba.”

Hoshim ya tambaye ta sunan na farin.

“Ermek.”

“Ni na rufa wa gawarsa buhun fulawa, 'yar uwa. Sai yau na san sunansa.”

Ya karɓi gurasar ya karya, ya miƙa mata babban ɓarin.

Bikin bai cika ba, rabin dangi ta kowane ɓangare sun ƙi zuwa. Amma da aka ɗaga hannu don addu'a, Burul ce ta riƙo yatsun Mohira tana cewa, “Allah ya bar ku tare, 'yata. Allah ya sa ku binne mu.”