Hannun Kulochi

Ruwan sama ne ya koro Horia rumfar cuku da ke bakin tafkin Bâlea, can ƙololuwar dutse. Ya jiƙe jagab, hular kwano a hammata. Smaranda, 'yar mai rumfar, ta dube shi sama da ƙasa.

"Daga wace rijiya aka tsamo ka?"

"Daga Constanța. Tun safe nake hanya."

"Me ka zo saye?"

"Ba komai. Hanyar na zo gani."

"Allah ya shirya," ta ce, ta miƙa masa shayi tana danne dariya.

Shi ke nan fa. Duk Asabar sai ga jan baburinsa ya haye hanyar dutsen nan mai kwana-kwana, tafiyar wuni guda, wai cuku ya kawo shi. Cukun lafiya! Kowa a layin rumfunan ya gane, har da babanta, Nea Ghiță, wanda ɗansa Octav ya rasu a kan babur a hanyar nan.

Ranar da Horia ya cire hula ya gaishe shi don neman auren Smaranda, tsohon ko ɗago kai bai yi ba.

"Yaro, abin nan ya ci mini ɗa. Ba zan haɗa masa da 'ya ba. Ka sayar, sai mu yi magana."

Wani da sai ya yi ƙarya ya wuce wurin. Horia, sarkin taurin kai, cewa ya yi, "Nea Ghiță, in na sayar, wani zan saya. Ba zan yaudare ka ba."

Kaka ta wuce, ƙanƙara ta rufe hanya, aka kulle rumfa suka sauka ƙauye. Sorin mai kemis ya fara sintiri a gidan da motarsa mai ɗumi, yana kawo wa tsohon maganin gwiwa. Abin da ya rage wa masoyan sai waya.

"Zomona, na lulluɓe babur, na rasa inda zan sa kaina. Kin ci abinci?"

"Na ci," in ji Smaranda. "Baba ya ce da Sorin ya turo iyayensa. Horia, ƙarfe ne fa kawai. Ka sayar mana."

"Ina son ki. Amma mutumin da zai sauka daga kansa, ban san shi ba, ke ma ba ki san shi ba."

Ta yi kuka har idonta ya kumbura. Haushinsa take ji, son sa take yi, kuma ta san gaskiya ya faɗa.

Da aka buɗe hanya a ƙarshen Yuni, ya rubuto: "Ina zuwa in sake roƙon Baba. Ki dafa shayi." Shayin ya huce a rumfa. Tsakuwar da ƙanƙara ta bari a wata kwana ce ta kwashe masa taya.

Ya rayu. Sai dai jijiyar hannun hagu ta tsinke, yatsun sun saki.

Nea Ghiță ya je asibiti a Sibiu, kuma likita ya fara nema kafin majinyaci.

"Zai sake hawa?"

"Hannun ba zai matse kulochi ba. Har abada."

Tsohon ya sauke ajiyar zuciya. Ya shiga ɗakin, ya gyara wa Horia bargo, ya ce, "Sannu, ɗana. In ka warke ka turo mutanenka."

Ni dai ban taɓa jin "na ba ka" mai ɗaci irin wannan ba.

A watan Satumba aka ɗaura aure a cocin ƙauye. Abokan tafiyar ango suka jera baburansu a ƙofa, da ma'auratan suka fito suka murza wuta gaba ɗaya, yadda suka saba yi wa nasu. Horia ya tsaya cak. Fuskarsa na murmushi, hawaye na bin ta.

Smaranda ta matso kunnensa. "Da na san da wannan zan same ka, da na haƙura da kai."

"Yi shiru, zomona. Dubi yadda Baba yake murna."

Tsohon kuwa rawa yake da gwiwarsa mai ciwo. Ya zo ya dafa kawunansu, ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya. Allah ya sa ku ne za ku binne ni."

Suka amsa da amin, su biyun.