Ɗigon Mai a Kwarin Marke

Ku matso kusa. Ke Hajo, rage fitilar nan, tana kashe min ido. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya jira in ce ga ta nan. Mutumin da abin ya faru da shi yana nan da ransa, kun ma san shi. Nomau mai akori-kura, wanda yake kwasar albasa zuwa kasuwar Laraba.

Ku kuna zaton da dare kaɗai mutanen ɓoye suke fitowa. To wannan da rana tsaka ya faru, lokacin da inuwar mutum take shigewa ƙarƙashin ƙafarsa.

Nomau ba mugu ba ne, amma zuciyarsa a kusa take. Motarsa kuma tsohuwa ce, ta girmi wasunku. Akwai wani tiyo da yake fitowa daga saman inji, yana kwaso tururin mai yana mayarwa ciki ya ƙone. Da injin ya tsufa sai man ya yi yawa. Kullum fulogi a jiƙe, kullum mota tana tari. Ran nan ta mutu masa a Kwarin Marke, haushi ya ɗebe shi, ya fizge tiyon ya bar bakinsa yana lilo ƙasa. Har sifanarsa mai lamba goma ya yi jifa da ita cikin ciyawa. Mota ta tashi. Ya ce ai ya gama da ita. Tun daga ranar duk inda ya bi sai baƙin mai mai zafi ya riƙa ɗiga a hanya, ɗis, ɗis. Bai taɓa waiwayawa ba.

A satin ne 'yarsa Laure ta daina tafiya.

Yarinya 'yar shekara biyar, mai gudu kamar ɗan akuya. Da ta sa tafin ƙafa a ƙasa sai ta ƙwalla ƙara, wai wuta. An duba, babu ƙurji, babu kumburi. An yi allura, an yi shafe-shafe, an sha rubutu. Wata uku cur uwarta Tabawa tana goyon ta kamar jaririya. Nomau in ya dawo gida ya ga takalman yarinyar a bakin ƙofa ƙura ta rufe su, sai abinci ya fita ransa. Daga ƙarshe likita ya rubuta musu takarda zuwa babban asibitin birni, ranar Litinin da sassafe. Ya ce in suka rasa wannan ranar, sai bayan wata biyu.

Ita kuwa mota ta tsiro da sabon hali. Ƙura tana shiga ta inda ya cire tiyon, sai ta riƙa mutuwa a hanya. Ranar Lahadi ya kai ta garejin Oga Barau, bakanike, a cikin gari.

Barau ya ɗaga bonet ya leƙa.

"Wa ya cire tiyon nan?"

"Ni."

"Allah ya shirye ka, Nomau."

Ya shiga shago ya fito da wani gwangwanin ƙarfe, bai fi gwangwanin madara babba ba, da baki biyu a samansa.

"Wannan shi zai tare man. Tiyo ɗaya ya shiga ta nan, ɗaya ya fita ta nan ya koma inji. Iska ta wuce, mai ya kwanta a ƙasa. In ya cika ka juye."

"Ɗaura min."

"Mota uku ne a gabanka. Ka jira la'asar."

"Ba ni abina. Noti biyu ne zai gagare ni?"

"Sauri dai ya haifi nawa," in ji Barau. Ya miƙa masa gwangwanin da guntun tiyo da kilif biyu na ɗaure bakin tiyo.

Nomau ya kama hanyar gida, da niyyar ya ɗaura abinsa a ƙofar gida a cikin inuwa. Yana gangarawa Kwarin Marke mota ta yi tari sau biyu, ta mutu. Daidai inda ta saba.

Ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake murɗawa. Shiru. Ya daki sitiyari da tafin hannu har ya ji zafi.

"Yau dai sai ni ko ke," ya ce da motar.

Kun san kwarin nan. Babu gida, babu gona, sai itatuwan marke da yashi. Rana ta take. Ya ɗaga bonet, zafin inji ya bugi fuskarsa. Ya nemi inda zai kafa gwangwanin, ya samu wani noti a gefen batir. Noti mai lamba goma. Ya zazzage akwatin kayan aiki a ƙasa. Ga sha biyu, ga sha huɗu, ga sha bakwai. Babu goma. Ya kama notin da filaya, filaya ta zame ta ɓare masa fatar yatsa. Ya tsotse jinin ya yi tsaki. Ya ja tiyo, tiyo ya ƙi kaiwa, saura ɗan yatsa ɗaya. Ya ja da ƙarfi ya kai. Ya zo ɗaure kilif na farko, ya matse shi da fushi, kilif ya ce ƙaras, ya rabe biyu.

Nan fa ya zauna a kan bambar gaban motar, gumi na tsiyaya. Abin duniya ya ishe shi. Ya tuna Laure, ya tuna gobe Litinin, ya ji kamar ya cinna wa motar ashana. Ya tashi ya yanko robar tsohuwar taya ya naɗe bakin tiyon da ita, a madadin kilif ɗin da ya karya.

Sai ya lura kukan tsuntsaye ya ɗauke. Ko ganye ba ya motsi.

"Sannu da aiki, mai mota."

Tsohuwa ce, gajeriya, tsaye a gaban motar, da baƙin zane har ƙasa. Yana kallon bakinta yana motsi a gabansa, amma muryar a bayan kunnensa take fitowa. Ya waiwaya. Babu kowa. Ya dubi ƙasa bai ga inuwarta ba, ya ce a ransa ai rana tsaka ce.

"Yauwa, Iya. Daga ina cikin ranar nan?"

"Daga nan."

Ta miƙo hannu. Sifana ce a tafinta, ta yi tsatsa.

"Wannan kake nema?"

Lamba goma. Tasa ce, har da zaren da ya ɗaura mata a gindi.

"A ina kika same ta?"

"Inda ka jefar da ita."

Ya karɓa. Ƙarfen sanyi ƙalau kamar an tsamo shi daga randa. Ya sunkuya ya ɗaure gwangwanin. Haushinsa bai gama sauka ba.

"Ka juya su," in ji ta. "Na shiga ka sa a bakin fita."

"Iya, don Allah ki ƙyale ni da abin da ya dame ni. Me kika sani a mota?"

"Wata uku ina kallon cikinta daga ƙasa."

Ya duba. Gaskiyarta, ya juya su. Ya kwance ya sake ɗaurawa, bai ɗago kai ba. Daga inda yake sunkuye yana hango bakin zanenta. Zanen ya jiƙe sharkaf da baƙin mai. Iska ba ta kaɗa ba, amma zanen ya ɗan ɗaga. Babu yatsu. Kofato ne, rababbe biyu, shi ma duk mai.

Tsigar jikinsa ta tashi. Ya nemi addu'a a bakinsa, ya rasa. Ya ja da baya zai gudu.

"Kada ka gudu," in ji ta. "Ba ka gama ba."

"Iya, me na yi miki?"

"Hanyar rijiyarmu ka ratsa. Kullum ka wuce sai ka zuba mana wuta. Ko bisimilla ba ka yi, balle mu kauce."

"Wallahi ban sani ba."

"Mai zubawa ba ya sani. Wanda aka zuba wa shi yake sani." Ta dubi bakin zanenta. "Jikata ta taka. Wata uku ba ta sa ƙafa a ƙasa ba."

Wata uku. Nomau ya tuna wata ukun Laure. Duk asibitin da ya zaga, duk masifar da ya yi wa Tabawa wai ita ta bar yarinya ta taka wani abu, ashe shi ne. Da hannunsa ya fizge tiyon. Kunya ta kama shi, ta fi tsoron ma yawa.

"Ki yafe min, Iya."

"Yafiya ba a baki take ba. Tada motar."

"In ta tashi fa?"

"In ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa, da 'yarka da jikata sun zauna ke nan."

Ya dubi robar da ya naɗa. Ya san aikin fushi ne, ya san ba za ta riƙe ba. Ya tuna kilif ɗin da ya karya yana kwance a yashi, ya ji kamar ya mari kansa. Amma babu wani. Ya ce bisimilla, a karo na farko tun safe, ya murɗa makulli.

Bugu ɗaya ta tashi.

Ya zagayo da sauri ya tsaya a kan injin. Bakin da yake da kilif a bushe. Bakin roba ma a bushe. Inji ya yi zafi, ya ƙara zafi. Sai ga wani ɗan baƙi ya tsattsafo a ƙarƙashin robar. Ya taru. Ya yi ciki. Ya fara lilo.

Nomau ya leƙa ta tsakanin inji da taya, ya ga ƙasa. Akwai ƙafa a wurin. 'Yar ƙarama, an naɗe ta da ganye, a miƙe daidai inda ɗigon zai sauka. Bai ga mai ƙafar ba. Girmanta ɗaya da ta Laure.

Babu tsumma a kusa. Babu lokacin kashe mota. Ya cusa hannu ta gefen ƙarfe mai zafi ya tara tafinsa.

Ɗis.

Ya sha taɓa man inji a rayuwarsa, amma bai taɓa jin irin wannan ba. Kamar an ɗora masa garwashi an danna. Ya cije leɓe har ya fashe.

"Ɗaya," in ji tsohuwar a bayan kunnensa.

Na biyu ya taru a hankali, kamar da gayya. Hannu yana so ya janye da kansa, ya kama shi da ɗayan ya riƙe. Ɗis. Hawaye ya zubo masa, shi da ko a jana'izar ubansa ba a ga hawayensa ba.

"Biyu."

Na uku ya fi daɗewa. Yana kallon 'yar ƙafar nan, yana cewa a ransa, haka yarinyar nan take ji kullum, ni kuma ina yi mata tsawa ta tashi ta taka. Ɗis.

"Uku. Kowane wata da nasa. Yanzu ka san zafinsa."

Ta sa hannu a ƙarƙashin ɗankwalinta ta tsinko gashi ɗaya, fari, dogo fiye da tsayinta. Ta naɗa shi a bakin tiyon ta ƙulla. Tsattsafin ya tsaya cak.

Ya leƙa ƙasa. Babu ƙafa, sai ganyen da aka kwance. Ya ɗago. Babu tsohuwa. Wata kurciya ta yi kuka a kan marke, sauran tsuntsaye suka amsa.

Da hannu ɗaya ya tuƙo motar har gida. Yana shan kwanar layinsu ya ga mata sun taru a ƙofar gidansa. Ya fito ko ƙofar mota bai rufe ba. Sai ga Tabawa tana kuka tana dariya.

"Malam, ina tsakar gida ina tankaɗe, sai ta ce min, Inna, ƙasa ta huce. Ta sauko daga tabarma."

Laure ta ratso tsakanin matan, ba takalmi, tana tafe tana tangaɗi kamar mai koyon tafiya. Ta zo ta kama hannun da yake ɓoyewa a bayansa, ta buɗe tafin. Tabo uku, baƙaƙe, a jere. Ta hura masa iska a kai.

"Baba, ƙawata ta ce sannu da hannu."

Bai tambaye ta wace ƙawa ba. Har yau bai tambaya ba.

Tabon yana nan, sabulu bai fitar da shi ba. Gobe in ya zo ɗaukar albasa ku gaishe shi da hannu, za ku gani. Gashin ma yana nan a bakin tiyon, Oga Barau ya sa reza ta dakushe. In gwangwanin ya cika, a jarka Nomau yake juyewa ya kai wa kafinta ya shafe katako saboda gara. Ko ɗigo ba ya bari ya taɓa ƙasa.

Ke Hajo, ɗazu ina kallon ki kika watsa ruwan zafin taliya a bayan ɗaki, bakinki a rufe. Kada in sake gani. Kuma duk wanda aka aika ƙetaren Kwarin Marke da rana tsaka, ya nemi abokin tafiya, ko ya jira inuwa ta fito. Wa zai raka Hajo ta rufo ƙofar zaure?