Waƙar da Malam Ƙarfe Bai Ƙarasa Ba

Wata ranar Talata Tahira ta kawo zogale daga Jiratawa zuwa unguwar Zariya da ke Maraɗi, sai ta ji tafi daga wata ƙaramar makarantar kiɗa. Ta leƙa ta taga. Yara sun yi da'ira, a tsakiyarsu wani farin mutum-mutumi, tsawonsa bai wuce gwiwa ba, yana koya musu tafin gaɗa. Malam Ƙarfe suke ce masa.

"Ba haka ake tafawa ba," ta faɗa a hankali, ba ta zaci wani zai ji ba.

Malamin ajin ya juyo, Inusa, wanda ake ce wa Mushe kamar yadda ake kiran malaman boko, dogo, da kalangu a hammata. Suka haɗa ido, ta ja mayafi ta rufe baki.

"To shigo ki gyara masa, 'yan mata. Ni da shi duk a waya muka koya."

Malam Ƙarfe in an rera masa waƙa yakan riƙe, ya maimaita wa yara da siririyar muryarsa. Tahira kuwa ta haddace waƙoƙin kakarta ta Tibiri. Da Inusa ya roƙe ta, ta yarda ta riƙa zuwa duk Talata tana rera wa Malam Ƙarfe, amma da sharaɗi: Inusa zai fita, a rufe ƙofa. Rashid, abokin aikin Inusa, kaɗai ke zama, shi ke kula da na'urar.

Haka Inusa ya zama ɗan benci. Ba ya jin waƙa, sai dariyarsu. Duk Talata da yamma zai raka ta tasha, ita kanta a sunkuye, shi zuciyarsa na tafasa.

Ya tura mata saƙo: "Kanarina, wata biyu ke nan. Ƙarfe ya ji muryarki, Rashid ya ji, ni da nake sonki sai benci."

Ta amsa: "Ka yi haƙuri, Mushena. Gabanka ba zan iya ba."

Ya tura kawunsa wurin mahaifinta, Malam Chaibu. Amsa ta dawo gajera: "Ba na ba makaɗi ɗiyata."

Ana cikin haka, wata Talata tana shigowa sai Malam Ƙarfe ya ɗaga hannu ya ce, "Sannu da zuwa, gimbiya."

"Wa ya koya masa wannan?" in ji Inusa.

Rashid ya yi dariya. "Ni mana."

Inusa ya shanye, ya fita. Suna tsakiyar waƙa ya ji sun sake dariya, ya banko ƙofa.

"To ku ukun ku daidaita. Dama ni ne bare!"

Tahira ta ɗauki kwandonta ta fice, idonta taf da hawaye. Ba ta sake zuwa ba, ba ta kuma ɗaukar waya.

Sati uku Malam Ƙarfe yana kaiwa rabin waƙar ya tsaya, ya karkata kai ya ce, "Ƙarasa mini." Yara su zuba wa Inusa ido.

"Kai sakarai ne," in ji Rashid. "Ni ina da mata a Yamai, ko mai tuyan ƙosai gimbiya nake ce mata. Je ka ba yarinya haƙuri."

Inusa ya ɗaure Malam Ƙarfe a bayan moto, wato babur ɗinsa, da roba, sai Jiratawa. Ya iske Malam Chaibu a garka yana juya ruwa.

"Kai ne makaɗin? Wanga kuma ɗanka ne?"

Inusa ya durƙusa. "Baba, na yi wa Tahira laifi. Ban iya magana ba, shi ya sa na zo da shi."

Ya kunna shi. Malam Ƙarfe ya fara rerawa yana tafi. Tsohon ya ajiye fartanya.

"Ai waƙar Innarmu ce."

"Ƙarasa mini," in ji Malam Ƙarfe.

Malam Chaibu ya buɗe baki, baitin ya ɓace masa. Sai ga murya daga bayan itatuwan zogale. Tahira ce, ta juya musu baya, ta rera har ƙarshe. Inusa bai san yana hawaye ba.

"Yara nawa suka iya wannan?" tsohon ya tambaya.

"Talatin da biyu, Baba."

Malam Chaibu ya ɗauki fartanyarsa. "Ce wa kawunka ya dawo."

Kafin Inusa ya kai Maraɗi saƙonta ya shigo: "Rashid da Ƙarfe duk ɗaya ne a wurina, shi ya sa ba na jin kunyarsu. Wanda ake so ake jin kunya. Har yanzu ba ka gane ba, Mushen benci?"

Ya tsayar da moto ya rubuta: "Na gane, Kanarina. Amma a gidanmu ba za a rufe mini ƙofa ba."

"Za a rufe. Kana ciki."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Yaran makaranta suka raka amarya da tafi daidai, ba kuskure ko ɗaya. Malam Chaibu ya dafa kan su biyun ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya rage maka kishi, Inusa."

Jama'a suka ce amin, Rashid ya fi kowa ɗaga murya.