Kafaɗar Hagu

"Ka warware shi?! Mayafin Umman nawa ka warware?"

Auta ta tsaya cak a tsakiyar ɗakin aikin, jakarta ta zame ta faɗi ƙasa, ko kallonta ba ta yi ba. Idonta na kan teburi, inda shuɗin zare yake jere, an nannaɗe shi a jikin 'yan katakai. Ko daga barci aka tashe ta ta san wannan shuɗin.

Saurayinta, wanda kowa ke kira Mai Zare, ya miƙe da murmushi, amma kafin ya gama miƙewa murmushin ya gudu.

"Hasken idona... ba ke kika ba ni ba? A kwando na same shi."

"Wane kwando?"

"Na bakin ƙofa mana..."

Sai a lokacin ta tuna inda ta ajiye shi.

Mai Zare mai zane ne, amma shi ba ruwansa da fenti. Tsofaffin tufafi yake karɓa, ya zauna ya zare su sili-sili, sannan ya ɗaura zaren tsakanin ƙusoshi ya fitar da abin da yake so. A bakin ƙofarsa akwai wani kwando, kuma ƙa'idarsa guda ce: ba ya roƙon kowa tufa, amma duk wanda ya sa a kwandon nan, ya ba shi ke nan har abada. Auta ta san da haka sarai. Ita ce ma ta saya masa kwandon.

Ranar da ta kawo mayafin ba ta same shi ba. Teburi duk gam ne da ƙusa, kujera duk ƙura, ga ana ta kiranta daga kantin maganin da take aiki. Wuri mai tsabta guda ɗaya ta gani, ta ajiye mayafin ta fita da gudu, ba ta ko lura cewa kwandon ne ba.

"Gyara na kawo maka!" in ji Auta. "'Yar yagewa ce a gefe, na ce ka kama min kafin Baba ya dawo daga tafiya!"

"Da kika kira kika ce in kula da shi..."

"Kulawar ke nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Tun da muke ba ki taɓa yarda kin yi min hirar Umma ba. Da na gan shi a kwando sai da na yi hawaye, wallahi. Na ɗauka kin buɗe min ƙofar da kika daɗe da rufewa."

"Mayar da shi yadda yake."

"Auta..."

"Ka mayar da shi na ce!"

"Ko wanda ya saƙa shi ba zai iya ba, masoyiyata. Amma ki bari ki ga abin da..."

Ba ta tsaya jin ƙarshen maganar ba. Ta suri jakarta ta fice, hawaye na hana ta ganin matakala.

Tun da Umma ta rasu, mayafin nan a ninke yake a gefen matashin Baba. Ba ya bari a wanke shi, ba ya bari a goge shi. Mai shara ma ta san iyakarta. Baba tsohon malamin lissafi ne, mutum mai son komai ya zauna inda aka bar shi, kuma dama can da ƙyar aka shawo kansa ya yarda manyan Mai Zare su zo neman auren Auta. Har yanzu bai gane wace irin sana'a ce wannan ba.

Da ya dawo, ko takalmi bai gama cirewa ba ya leƙa ɗaki, ya fito.

"Auta, ina mayafin uwarki?"

Ta durƙusa a gabansa. Ta so ta ce yana wajen wanki, ƙaryar har ta zo bakinta, amma da ta dubi idonsa sai ta kasa. Ta faɗa masa komai, tun daga yagewar har zuwa kwando.

Gwaggo, ƙanwar Baba da ke zaune da su, ta tafa hannu ta riƙe haɓa.

"Oh ni! 'Ya'yan mutane na samo mazan da za su ɗinka musu, ke kin je kin kwaso mai warwarewa. Ranar biki sai mu ɓoye kayanmu ke nan, kada mu dawo gida a zare!"

Ba wanda ya yi dariya. Ita ma Gwaggon da ta ga fuskar yayanta sai ta haɗiye sauran.

Baba bai yi faɗa ba, abin da ya fi kashe Auta ke nan. Ya zauna a hankali yana dafe da gwiwarsa mai ciwo.

"Shi kaɗai ya rage da ƙamshinta," ya ce.

"Baba ka yafe min... laifina ne, ba nasa ba."

"Wanda ya iya sa hannu ya tsinka abin da ke hannun maraya, ban ga yadda zan ɗauki 'yata in ba shi ba. Ki gaya masa manyansa su yi zamansu."

Daga ranar gidan ya zama kamar an yi sabon rashi. Wayar Auta ta yi ta haske a ƙarƙashin matashi, ita kuwa ta ƙi ɗauka. Tana son Mai Zare, so irin wanda ke hana mutum cin abinci. Amma duk safiya in ta kai wa Baba shayi ta ga hannunsa a kan wurin da mayafin yake a da, sai ta ji ta tsani kanta, ta tsani zare, ta tsani duk wani mai zane a duniya.

Ranar buɗe baje kolin ayyukan Mai Zare, da la'asar, Baba ya fito cikin shiri da sandarsa.

"Ɗauko mayafinki ki raka ni."

"Ina za mu, Baba?"

"Wajen yaron nan. Ko zare ne ya rage, nawa ne. Zan kwaso abina."

Ta ga lokacin da ya ɗauki almakashin Gwaggo ya zura a aljihu. Aikin da Mai Zare ya ɗora duk burinsa a kai, a gaban jama'a za a datse shi. Ta kama hannun mahaifinta suka fita, Gwaggo na biye tana cewa ita dai kallo za ta je.

Zauren baje kolin cike yake. Masu kyamara, ɗalibai, mata masu manyan tabarau, kowa na magana ƙasa-ƙasa. An rufe tagogi da baƙaƙen labule, ko'ina duhu-duhu, sai fitilu ƙanana a ƙasa.

Da farko Auta ba ta ga komai ba sai zare a hargitse, an ja shi daga rufi zuwa ƙasa, daga wannan ƙusa zuwa waccan, kamar gizo-gizo ya sha wani abu. Gwaggo ta taɓe baki.

"Wannan ne aka tara mutane a kai? Ko kyanwa ta shiga kayan saƙa ai..."

Maganar ta maƙale. Gwaggo ta dubi bango.

Hasken fitila ya ratsa ta cikin zaren, inuwarsa ta faɗa jikin farin bango, sai ga mutum. Ɗan dako ne, ya duƙa, kaya a bayansa, har jijiyar wuyansa ana gani. Daga tsohuwar rigar wani ɗan dako aka zare shi. Gaba kaɗan ga inuwar jariri yana barci, hannunsa a dunƙule, an fitar da shi daga zanen goyo. Iskar fanka ta taɓa zaren, sai ƙirjin jaririn ya ɗaga ya sauka.

"La'ilaha illallahu..." in ji Gwaggo. "Numfashi yake!"

Sau nawa Auta ta zauna a ɗakin aikin Mai Zare tana tsokanarsa da mai wasa da zare, ashe ba ta taɓa ganin aikin da fitila a kunne ba.

Can ta jiyo muryarsa. Yana tsaye cikin 'yan jarida, ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Mutane na cewa ɓata tufa nake yi," yake faɗa musu. "Ni kuwa tambayarta nake. Tufa ba ta mantuwa. Inda mai ita yake durƙusawa, inda yake kamawa in ya tsorata, inda gumi ya ci, duk yana nan a jikin zare. Kafin in zare sili ɗaya, sai na daɗe ina kallon inda ta gaji. Ba na ƙirƙiro kowa, wanda ke ciki nake buɗe wa hanya..."

Idonsa ya faɗa kan Baba. Ya bar 'yan jaridar tsaye, ya zo ya zube har ƙasa.

"Barka da zuwa, Baba."

"Ina kayana?"

"Yana ɗakin ciki. Ban buɗe wa kowa ba, ban ma kunna wa kowa fitilar ba. Na ce in ba ku yarda ba, ba mai ganinsa." Ya saci kallon Auta, ta kawar da kai.

Ɗakin ciki ƙarami ne. Shuɗin zare ya cika tsakiyarsa, a gefe kuma ga wata kujerar katako ita kaɗai. Matakalar zauren ta riga ta gama da gwiwar Baba, don haka bai tambayi kowa ba ya zauna a kai yana haki. Ya ciro almakashin.

"Kunna fitila in ga inda zan fara."

Mai Zare ya dubi almakashin, ya dubi Auta. Ya danna makunni.

Auta ta toshe bakinta da hannu biyu.

Umma ce. Ba fuska, ba ido, inuwa ce kawai, amma wallahi Umma ce. Tana zaune, mayafi ya sauko mata ta kafaɗa, hannu ɗaya a cinya, ta karkata gefen hagu, kanta ya ɗan kwanta. Haka take zama kullum bayan an gama aikin gida.

Hasken kuma ya kama Baba a kan kujerarsa, ya jefa tasa inuwar a bangon, daidai gefenta. Kan Umma ya sauka a kan kafaɗarsa, ba ragi ba ƙari.

Gwaggo ta sulale ta zauna a ƙasa, ta ja gyale ta rufe fuska.

Zaren ya ɗan girgiza da numfashinsu, sai inuwar ta ƙara lafewa a jikin ta Baba.

"Wa ya gaya maka?" Muryar Baba ta fito a dushe. "Auta, ke kika ba shi hoto?"

"Ko ɗaya, Baba... ko hirarta ban taɓa yi masa ba."

"Ba wanda ya gaya min," in ji Mai Zare daga durƙushe. "Mayafin ne. Ko'ina da ƙwarinsa, sai kafaɗar hagu ce ta yi shara-shara, zaren wajen duk ya kwanta gefe guda. Na san ta shekara da shekaru tana jingina da wani abu. Ban san da me ba... na ɗauka bango ne, ko ƙyauren ƙofa. Da na gama sai na ga kamar za ta faɗi, wurin ya ƙi zama babu komai, shi ne na ajiye kujera."

Baba ya dubi inuwar kafaɗarsa a bango.

"Ba bango ba ne," ya ce.

Auta ba ta taɓa ganin hawayen mahaifinta ba, ko ranar da aka fita da Umma. Yau ga su suna bin gemunsa, bai ko share ba. Ta rarrafa ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka, kukan da ta daɗe tana dannewa.

Baba ya miƙa almakashin gefe ba tare da ya juya ba.

"Karɓi kayanki," ya ce wa Gwaggo.

Ta karɓa tana jan hanci. "Dama ni ban ba ka aro ba."

"Kai kuma, yaro."

"Na'am, Baba."

"Ka ɓata min rai, ɓacin da ban taɓa zaton zai wuce ba. Na ajiye ƙamshinta ina ta gadi, har ya kusa ƙarewa ban sani ba... Ka ce wa manyanka ina jiransu. Amma ka ji ni da kyau, 'yata ba a kwando na sa maka ita ba. Amana ce."

"Da raina zan riƙe ta, Baba. Wallahi da raina."

Auta ta ɗago jajayen idanunta ta dube shi, karo na farko tun ranar rigimar. Ya motsa baki ba sauti: ki yafe min, hasken idona. Ta harare shi cikin hawaye, sai kuma murmushi ya ƙwace mata.

A waje hayaniyar jama'a na ƙaruwa, ana tambayar yaushe za a buɗe ɗakin ciki. Auta ta goge fuska ta miƙe, ta kama hannun mahaifinta.

"Baba tashi mu je, kujerar nan za ta tayar maka da ciwon gwiwa."

Bai ɗauke ido daga bangon ba. Ya ɗan gyara kafaɗarsa a hankali, yadda mutum ke yi in ba ya son ya tashi mai barci.

"Bari tukuna, Auta," ya ce. "In na tashi faɗuwa za ta yi."